Ku Maido Mini da Bakin Nomau

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Raɗa wa Cututtuka Suna,
Sashen Abin da Ya Yi Yawa,
A duk ƙasar da Allah ya ajiye ofishin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa daidai gwargwado, don an shaida mini cewa a wurinku duk abin da ya yi yawa cuta ne, ina fatan kana cikin lafiya, kai da iyali da ma'aikata, lafiyar da ba ta hau ba kuma ba ta sauka ba.

Sunana Mati, mutumin Tawa ta ƙasar Nijar, mazaunin Williamsville a Adjamé. Sana'ata gasa nama a gefen kasuwar Treichville, tun gashin kaina yana baƙi. Abin da muke kira balangu a gida shi mutanen Abidjan ke ce wa shukuya, kuma in ka taɓa ratsa layinmu hancinka ya san ni ko da kai ba ka san ni ba. Na nemi adireshinku, sai 'yata Rufaida, wadda ke karatun aikin jinya, ta ce wai babu wani ofishi, sunayen cututtukan daga harshen tsofaffin Girkawa aka ɗebo su. Ban yarda ba. Na daɗe a duniya, ban taɓa ganin abin da ya iso hannun talaka a rubuce da hatimi ba tare da wani ofishi a bayansa ba. Saboda haka na bar wasiƙar a buɗe. Za a karanta ta a majalisarmu, a kuma saka ta a gurup ɗin 'yan Tawa, daga waya zuwa waya na san za ta same ka.

Abu ɗaya nake nema, kuma gara in faɗe shi tun yanzu kafin ka gaji da ni. Kalmominku sun rufe bakin taubashina Nomau, mutumin da bai taɓa yini bai zage ni ba, kuma ina so a maido mini da shi. Sauran ƙorafe-ƙorafen duk rakiya suka yi.

Ga yadda abin ya faru. Bayan Babbar Salla babban yatsan ƙafata ya kumbura, ya yi ja, ko iska ta taɓa shi sai na yi salati. Maiɗakina Lailatu ta tasa ni gaba har asibiti. Aka matse mini hannu da wani ƙyalle mai hura kansa, aka ɗebi jini, aka ce in dawo. Da na koma, likita, wani yaro mai ladabi, ya zaunar da ni ya karanto mini sunaye huɗu: ipertansiyon, iperglisemi, iperkolesterolemi, iperirisemi. Na je da yatsa ɗaya, na dawo da baƙi huɗu, dukansu 'yan gida ɗaya. Rufaida ta ce wannan iper ɗin da ke gabansu, wanda masu bokon Ingilishi ke kira haifa, ma'anarsa abin da ya wuce kima. Na ce ta yi mini dalla-dalla. Ta ce, "Papa, c'est simple. Jininka ya hau trop, suga trop, kitse trop, nama trop. Komi naka trop ne, ya yi yawa." Wannan yarinyar ni na biya mata makaranta, ranka ya daɗe.

Ƙorafi na farko. A wurinmu ba a raɗa suna a ɓoye. Ana sanar da dangi, a raba goro, liman ya zo, a yanka rago, kuma kafin duk wannan sai an tambayi uban abin da yake so a sa. Ku kuwa kun shiga cikin jikina, kun sami abubuwa huɗu, kun raɗa musu suna ba ku ko yi sallama ba. Wa ya yi huɗubar? Ina goron? Ba don ni ba, ko don 'yan'uwanmu masu sayar da dabbobi, suna huɗu ai rago huɗu ke nan da kuka hana kasuwa. In ofishinku zai ci gaba da wannan aiki, ina ba da shawara cikin ladabi a riƙa bin ƙa'ida, kuma na san inda ake samun raguna masu kyau.

Ƙorafi na biyu, tsawon sunayen. Mu ma muna da sunayen waɗannan abubuwa. Muna cewa hawan jini, muna cewa ciwon suga. Sunaye ne da mutum zai faɗa tsakanin loma da loma ya ci gaba da cin abincinsa. Rabin dattawan majalisarmu suna da hawan jini, kowa da ƙwayarsa a aljihun jamfa, ba wanda ya taɓa riƙe baki a kansu. Amma ranar da Lailatu ta sa Rufaida ta karanta sunayenku da ƙarfi a tsakar gidanmu na haya, inda ɗaki goma ke shanya a igiya ɗaya, kafin ta kai ƙarshen na uku mata sun ajiye wanki. Maƙwabciyarmu mai sayar da aceke, dambun rogon mutanen nan, ta dafa ƙirji tana cewa, "Yako, le vieux, yako!" wato sannu tsoho, irin sannun da ake yi wa wanda abu ya sama. A unguwarmu da tsawon suna ake auna ciwo, ranka ya daɗe. Wanda aka faɗa da numfashi ɗaya na shan magani ne. Wanda sai an tsaya an huta a tsakiya, wannan na kiran dangi ne.

Aka kuwa kira su. Kafin la'asar labari ya isa Tawa. Wayata ta cika da saƙonnin murya, kowa yana neman mu yafi juna. Wani ƙanen mahaifiyata da ya kusa shekara casa'in, wanda ni nake shirin jin nasa labarin, ya aiko yana cewa in yi haƙuri, duniya ba wurin zama ba ce. Na saurari wannan saƙon ina tsaye gaban wuta ina juya cinyar rago.

Ƙorafi na uku, kuma a nan ina roƙon ka gyara zama. Wa ya gaya muku yawa laifi ne? Tun ina yaro addu'ar da ake yi mini ke nan: Allah ya ƙara, Allah ya yalwata, Allah ya sa a fi haka. Na ce amin da zuciya ɗaya shekara da shekaru, yanzu da aka amsa kun ce in sha magani. Ni kaina da abin da ya wuce kima na yi suna a Treichville. Duk wanda ya sayi nama a wurina, bayan na yanka masa nasa sai na ƙara masa gyara, in kuwa mai ciki ce gyara biyu, ɗaya nata ɗaya na wanda ke tafe. Kafin ciniki kuma akwai ɗanɗano, kuma ni ban iya miƙa wa mutum tsoka ina kallonsa yana ci shi kaɗai ba, sai na ɗauki tawa mun ci tare. Likita ya tambaye ni sau nawa nake cin nama a rana. Na ce ni ba na cin nama, ɗanɗanawa nake yi. Ya tambayi mutum nawa ke zuwa wurina a rana. Da na gaya masa sai ya ajiye biro ya dube ni.

To na ji, ni na jawo wa kaina. Amma ina adalci? Manyan kantunan nan masu sanyi, inda ake tura keke ana zuba kaya, an rubuta musu ipermarshe da manyan haruffa masu haske, kowa na sha'awar shiga. Samari in sun ci namana ya yi musu daɗi sai su ce, "Le vieux, c'est hyper bon!" Rufaida ta ce har jirgin da ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba kun ba shi wannan iper ɗin don girmamawa. Wato in yawan yana kantin mai kuɗi ko a sararin sama, yabo ne. In ya sauka a jinin mai balangu sai a hana shi gishiri. Sannan ga abubuwan da suka fi ni wuce kima suna yawo a gari ba wanda ya raɗa musu komai. Ka taɓa shiga gbaka, ƙaramar bas ɗinmu, daga Adjamé da safe, inda kujerar mutum uku ke ɗaukar biyar da buhun albasa? Ka taɓa tsayawa a mahaɗar Indénié bayan an yi ruwa, motoci sun cushe har direbobin tasin da muke kira woro-woro suna fitowa su sayi ayaba su ci su koma? Wannan cunkoson bai kai a auna shi ba, sai jijiyar hannuna?

Ƙorafi na huɗu gajere ne. Da na je a duba mini ido saboda rubutun kwalin magani ya ƙi karantuwa, sai ga ɗan'uwansu na biyar, ipermetiropi. Wai ina ganin nesa, na kusa ne ke ba ni wahala. Ranka ya daɗe, duk rayuwata ana yabona da hangen nesa, ku kuka fara ba ni tabarau a kansa.

Kada ka ɗauka ni mai taurin kai ne. Duk abin da likita ya ce ina yi. Ina shan ƙwayoyina. Miyata ba gishiri, shayina ba suga, kuma ɗanɗano yanzu da hanci nake yi. Ina sauka daga mota tun kafin tasha in ƙarasa da ƙafa. Lailatu ta zama jami'ar kwastan a bakin tukunya, ba abin da ke wucewa sai ta bincika. Kumburin yatsan ya sauka, wandona ya fara neman sabon mazagi, kuma gaskiya jikina ya yi sauƙi. A kan wannan ba ni da ƙara, har ma na gode.

Ƙorafi na biyar shi ne dalilin wasiƙar.

Nomau ɗan goggona ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Ban sani ba ko Girkawa suna da taubasai. A wurinmu ɗan mace da ɗan namiji an halatta musu su yi wa juna tsiya har ƙarshen rayuwa, ba mai fushi, ba mai shiga tsakani. Shi yana cewa ni bawansa ne, ni ina cewa shi ne nawa, har yau ba a yanke hukunci ba. Mota ɗaya ta kawo mu Abidjan muna samari. Shi ya zama dillalin shanu, ni na zama mai gasa abin da ya sayar, kuma ɗakinsa yana kallon nawa a gida ɗaya. Shi ya laƙaba mini Gajere, har sunan ya bi ni kasuwa, ya bi ni masallaci, wasu ma ba su san ina da wani ba. Kullum da safe in na fito sai ya ce, "Gajere, tashi tsaye mu gaisa mana! A'a, ashe tsaye kake." Wannan maganar ya fi shekara talatin yana yin ta, kuma kullum shi ke fara dariya. Ni kuma in ce masa ya sunkuyo, don ba na jin magana daga saman bene.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mu dattawan Tawa muna cin abinci a tire ɗaya a ƙofar gidanmu. Duk tsokar da na gyara na ajiye a gabana, sai dogon hannun Nomau ya ratso tire ya ɗauke ta, ya ce yara ba sa cin tozo. In yi ta masifa, jama'a su yi ta dariya, abinci ya wuce lafiya.

Tun ranar da aka karanta sunayenku a tsakar gida, wannan duk ya ƙare. Washegari na fito, na gyara tsayuwa ina jiran a ce in tashi tsaye, sai na ji an ce, "Malam Mati, ina kwana? Yaya ƙarhin jiki? Allah shi ƙara sauƙi." Na waiga in ga wane ne Malam Mati. Ni ne, ranka ya daɗe. Malam! Daga bakin Nomau! A majalisa kuma ya kawo mini kujera mai jingina da matashi, ya zaunar da ni gefe da ɗan kwanona marar gishiri kamar baƙon da ya zo daga nesa. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "Gaskiya ta."

Na yi iya ƙoƙarina. Na faɗa a gaban jama'a cewa shanun da yake kawowa bana, in ka tsaya a gefensu kana hango teku ta tsakanin haƙarƙarinsu. A da wannan maganar ta ishe mu rigimar mako guda. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka na, kiwo ya yi wuya bana." Wata Juma'a na fito masallaci na zura sababbin takalmansa, waɗanda ya ɗinko don Salla, na ja su har gida suna yi mini yawa kamar kwale-kwale. Na zauna a ƙofa ina jiran tashin duniya. Sai ga shi tafe da silifan alwala na aro, ɗaya shuɗi ɗaya kore, ya dubi ƙafata ya ce, "Sun yi maka kyau. Na bar maka." A ranar ko abincin ban iya ci ba.

Daga baya Rufaida ta gaya mini dalili. Muna da aboki, Abdulwahid, mai sayar da atamfa a cikin kasuwar Treichville, Allah ya jiƙansa. Shekarun baya suna cikin musu da Nomau a kan ƙwallo, ana dariya, sai ya dafe kai ya zame daga benci. Ɓarin jikinsa ya mutu, bai daɗe ba ya cika. Kowa ya san hawan jini ne da bai taɓa shan maganinsa ba, amma Nomau bai daina ganin kamar bakinsa ne ya tura shi ba. To ashe ranar da aka karanta nawa, ya tare Rufaida a bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, wanga abu na babanki, shi na irin na Abdulwahid?" Ita kuma ta ce, "Tonton, ɗaya daga ciki. Faut pas le fatiguer, likita ya ce kar a ɓata mishi rai." Sai ya ce, "To, na bari."

Da na ji haka na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, har yanzu ban san wanda ya fi yawa ba. Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba, tunda kai ba ka san ni ba, 'yan majalisa kuma su toshe kunne: ina kewar mutumin nan, alhali ƙofarsa tana kallon tawa. Gishiri na haƙura da shi, suga na haƙura, amma wannan ladabin yana kashe ni. Duk wanda ya gaishe ni da taushin murya sai in ji kamar an fara auna mini likkafani, kuma Nomau ne kaɗai nake sa ran zai tuna mini cewa ina nan da raina. Ina da shaida ma irin wadda kuke so. Rufaida ta sayo na'urar awo tana matse mini hannu a gida, kuma duk safiyar da aka ce mini Malam Mati sai ta ga abin ya ɗaga.

Na kai maganar gaban likita da na koma. Ya yi dariya har da share hawaye, ya ce, "Le vieux, wasa ba ya cikin abin da na hana. In kana shan maganinka, dariya ma taimako ce." Na kawo wa Nomau wannan albishir da zafinsa. Ya ce likitan yaro ne, bai ga abin da shi ya gani ba. Shi ya sa na tsallake yaro na zo wurin manya.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ku fitar da sanarwa, da hatimi babba wanda za a gani daga nesa, cewa zagin taubashi ba gishiri ba ne, ba suga ba ne, ba kitse ba ne, kuma ba ya cikin dangin iper. In da hali ku rubuta ta da doguwar kalma, wadda sai an huta sau biyu kafin a kai ƙarshenta, don ita kaɗai mutanenmu za su ɗauka da muhimmanci.

Kafin sanarwar ta iso, tunda aikinku neman abin da ya wuce kima ne, ga wasu da na gano muku kyauta, dukansu a jikin mutum ɗaya. Akwai tsawo marar amfani, wanda ko ƙwan lantarkin gidanmu bai taɓa canzawa da shi ba. Akwai kunnuwa da ke shiga ɗaki kafin mai su. Akwai rowa, irin ta mutumin da ke tsaga goro ɗaya ya raba wa majalisa ya mayar da saura aljihu. Akwai kuma tsoro. Ranar da muka fara isowa garin nan, da mota ta hau gadar da ke tsallaka ruwa zuwa Treichville, wannan dogon ya rufe ido ya ƙanƙame wuyana yana kiran sunan goggo, bai sake ni ba sai da muka sauka. Kuma dillalin shanun da kuke ji, rago guda ya taɓa kora shi har cikin shagon wani mai aski, ya ɓuya bayan kujera. Na rufa masa asiri shekara da shekaru saboda zumunci. Yau na buɗe, a gaban majalisa da gurup da duk Tawa. Ku raɗa wa kowanne suna, ragunan a wuyansa.

Na san yana jin wannan, don a majalisa kusa da mai karatu yake zama saboda kunnuwan nan nasa girma kawai gare su. To ya ji da kyau. Juma'a mai zuwa ba zan hau kujera mai matashi ba. Zan sha ƙwayata, in zauna a tabarma a wurina na da, da kwanona marar gishiri. Zan kuma gasa tozo mafi kyau da hannuna, in yanka tsoka ɗaya in ajiye ta a gabana a bakin tire. An hana ni cin ta, kuma ba zan ci ba. Na ajiye ta ne don a sace.

Ina roƙon afuwa in maganata ta yi yawa, ka san halin jinin. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa ofishinka girma, amma kada ya wuce kima.

Naka mai biyayya, biyayyar da ita ma ta isa a raɗa mata suna a wurinku,

Mati mai balangu,
Williamsville, Adjamé,
wanda ake kira Gajere, in mai kiran ya ga dama.